Amsa: Galaxy, Snakemake ko Nextflow?

Malam, ka ce kana son tace bayanan ƙwayoyin halitta amma kwamfutarka ba ta da ƙarfi, wanne za ka ɗauka cikin waɗannan manhajoji uku na sarrafa irin waɗannan bayanai?

Ni dai Galaxy zan ce maka. Ta intanet ake shiga, manyan injunan usegalaxy.eu da ke Freiburg a Jamus su yi lissafin, kai naka jera matakai kawai, kuma kyauta ne. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗora manyan fayiloli: data za ta sha kashi, wani lokacin ma sai aikinka ya bi layi.

Snakemake sai ka iya Python, wato wani yaren rubuta manhajar kwamfuta. Nextflow ya fi dacewa da cibiyar da ke da nata injunan, ga tsare-tsaren nf-core (jerin matakan aiki da masu amfani da Nextflow suka haɗa) a shirye, amma bar shi tukuna.