Fitilar fanka ba ta haska shago: fanka za a sauya ko ƙwai?

Wata mai shagon yadi ta rubuto mini tana cewa: "Fankar sama da ke shagona haɗe take da fitilar LED, amma da yamma hasken ba ya isa. Sai ka ga kwastoma ta ɗauki yadi ta fita bakin ƙofa don ta ga ainihin launinsa. An ba ni shawara in sayi wata fankar. Babu wata hanya mai sauƙi?"

Hajiya, ki dakata da maganar sabuwar fanka tukuna. Wannan kuɗin jari ne za ki cire daga kaya, kuma ina kyautata zaton ba fankar ce ta yi laifi ba.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. A kashe wuta, a kwance murfin gilashin, a duba cikinsa. Sau da yawa za ki tarar da ƙura da matattun ƙwari sun taru a gindinsa, su ne suke tare hasken. A wanke, a shanya, a mayar. Idan fankar mai rimot ce, duba ko wani ya danne maɓallin rage haske ba ki sani ba.

In an yi wannan bai wadatar ba, sai batun ƙwai. A nan ne 'yan kasuwa da yawa ke asarar kuɗi, domin har yanzu da wat suke sayen fitila. Wat yana nuna wutar da ƙwai ke sha ne, lumen kuma shi ne yawan hasken da yake bayarwa. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen kusan 800, LED kuwa da wat 9 ko 10 yake ba da wannan hasken. Mai lumen 1,600 bai fi wat 15 ko 16 ba. Saboda haka in an rubuta a jikin soket cewa kada a wuce wat 40, kina da fili sosai: ki nemi LED mafi yawan lumen da zai shiga cikin murfin. Sharaɗi ɗaya, ya kasance irin wanda aka yi don rufaffen murfi, domin zafi shi ne ajalin LED.

Amma ke da kike sayar da launi, akwai lambobi biyu a jikin kwalin da suka fi damuna. Ta farko mai harafin K: 2700K haske ne mai rawaya-rawaya, yana mai da farin yadi kamar ya tsufa, 4000K zuwa 5000K ya fi kusa da hasken rana. Ta biyu ita ce CRI, ma'aunin yadda fitila ke fito da launi na gaskiya. Yawancin ƙwayaye 80 ne, ke ki nemi 90 ko sama. Ya ɗan fi tsada, amma kwastomar da ta kai bakin ƙofa da yadi a hannu ta riga ta yi rabin tafiya, wata ma ba ta dawowa.

Wasu fankokin ba su da soket, faranti ne na LED a manne. Irin wannan yana dusashewa a hankali da shekaru. Mai gyaran wuta zai iya sauya farantin ko ɗan akwatin da ke ba shi wuta, in an samu daidai da shi.

Ni dai da shagona ne, ragowar kuɗin a kan kantoci zan kashe su. Fitila ɗaya a tsakiyar silin ba ta kai wa lungu, domin in nisa ya ninka biyu, hasken da ke sauka kan kaya yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. A sa dogayen fitilun LED biyu ko uku suna kallon yadin kai tsaye. Kada dai a kafa su sama da fikafikan fanka, in ba haka ba shagon zai riƙa walƙiya kamar ana kiftawa, har kan mutum ya yi ciwo.

Kuɗin wuta kuma kada ya tsorata ki. Ƙwai mai wat 10, awa goma kullum, yunit 3 yake sha a wata. Guda uku, yunit 9. Ki lissafa da farashin yunit a mitarki, ki kwatanta da ribar yadi ɗaya.