Shin manhaja za ta iya gyara sautin hedifon?

Tambaya: Malam, bes ya yi wa hedifon ɗina yawa, har yana danne muryar mai magana. An ce akwai manhajar da ke daidaita sauti. Gaskiya ne, ko sai na sayi wani?

Amsa: Gaskiya ne, kuma irin wannan matsalar ce ikwalaiza, wato manhajar daidaita sautin, ta fi iya magancewa. Kunnen mutum yana jin sauti daga 20 Hz zuwa kusan 20,000 Hz (ƙaramar lambar Hz na nufin kakkauran sauti, wato bes, babba kuma siririn sauti), kuma kowane hedifon da halinsa: wani ya kumbura bes, wani ya kaifafa siririn sauti. Aikin manhajar shi ne ta rage inda ya yi yawa, ta ƙara inda ya gaza.

Sai dai kada ka ɗauka sahihin sauti yana nufin layin awo, wato zanen da ke nuna ƙarfin kowane yankin sauti, ya miƙe sak. Idan aka auna hedifon mai kyau a kunnen roba, za a ga tudu wajen 3,000 Hz, domin kunne da kansa yana ƙarfafa sautin wannan yankin. Duk wanda ya baje tudun, murya za ta dushe masa. Shi ya sa da yawa ke bin ma'aunin Harman, wato layin awon da ya fi yi wa yawancin mutane daɗin sauraro, wanda Sean Olive da abokan aikinsa suka samar bayan gwaje-gwajen sauraro.

Ba sai ka auna da kanka ba. Nemi sunan hedifonka a shafin intanet na AutoEq, za ka samu lambobin gyaransa. A Windows ka zuba su cikin manhajar Equalizer APO, a Android kuwa manhajar Wavelet na ɗauke da su.

Inda nake so ka kula sosai shi ne nan: duk yankin da ka ƙara wa ƙarfi, ka rage ƙarfin sautin gaba ɗaya daidai da ƙarin. Idan mafi girman ƙarin desibel 6 ne (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), ka sauke da desibel 6, in ba haka ba sautin zai riƙa fashewa. A wajenka ma ragewa za ka yi. Fara da 100 zuwa 300 Hz, yankin da ya fi lulluɓe murya.

Sama da 10,000 Hz awon ba abin dogaro ba ne, domin ɗan motsa hedifon a kai yana canza shi, don haka a can kunnenka ne alƙali. Ka kuma duba soson kunnen tukuna: idan ya lotse, lambobin da aka auna da sabon soso ba za su dace da naka ba.