Kayan sulun ƙanƙara: saye ko haya?

Tambaya: Anti, zan je hutu kan duwatsu masu dusar ƙanƙara, ban taɓa sulu ba. In sayi kaya ko in yi haya? Alluna biyu, ɗaya a kowace ƙafa, ko allo guda da ake ɗora ƙafafu biyu a kai?

Amsa: 'Yata, yi haya abinki. Fara da alluna biyu, tsawonsu daga ƙasa iya haɓarki. Allo guda kam, ranar farko faɗuwa ce zalla. Takalmi shi ne magana: ya kama dunduniya tsam, yatsu su ɗan taɓa gaba, safa ɗaya tak. In ya matse har yana ciwo, koma a canza miki. Idan ma'aikaci ya tambayi nauyinki, faɗi gaskiya, ban da kunya! Da shi yake saita maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allo, wanda zai saki ƙafarki in kin faɗi. Hular kwano kuma dole ce.