Hajiya, ƙwan ne yake dawo miki da kuɗin cizo

Hajiya, kin tambaya ko kuɗin cizo dangin ƙwarƙwata ne da datti ke haifarwa, da kuma abin da ya sa yake dawowa bayan an yi feshi. Na daɗe ina sana'ar gado da katifa a nan Garwa, na kwance gadajen da ya cinye ba adadi.

Datti ba ya haifar da shi, shigo da shi ake yi: a jakar matafiyi, a kayan gwanjo, a tsohon gadon da aka saya da araha. Ba ya tashi, rarrafe kawai yake yi. Masana sun sa shi a rukunin Hemiptera, ƙwari masu baki kamar allura, tare da darɓar da ke tsotse dawa. Ba dangin ƙwarƙwata ba ne. Danginsa na kusa su ne ƙwarin da masana ke kira Cimicidae, yawancinsu jinin jemage da tsuntsaye suke sha. Biyu ne suka fi addabar mutum: Cimex lectularius da aka fi sani a ƙasashen sanyi, da Cimex hemipterus na ƙasashen zafi irin namu.

Ɗaga ɗinkin gefen katifa ki haska tocila. Za ki ga baƙin ɗigo-ɗigo, kashinsa ke nan, da ɓawon fatar da ya saɓule, da fararen ƙwai da ba su wuce milimita 1 ba, manne da yadin. Waɗannan ƙwan yawancin feshi ba ya kashe su. Cikin kwana 6 zuwa 10 sun ƙyanƙyashe, ɗan ya saɓule fata sau 5 kafin ya girma, kowanne sai ya sha jini. Babban kuma yana iya yin watanni bai ci komai ba, don haka kulle ɗaki a tafi ƙauye ba magani ba ne. Ga shi da yawansu sun saba da maganin feshin da ake sayarwa.

Zafi ne ba ya jurewa. A kwance gadon gaba ɗaya, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗar katako, don can yake ɓuya. Zanin gado da labule a wanke da ruwan zafi. Shanya katifa a zafin ranar Maris da Afrilu yana taimakawa, amma a riƙa juya katifa, in ba haka ba ya gudu ɓangaren inuwa. A toshe tsagar bango, a sake dubawa bayan kwana 10.

Don Allah kada a zuba fetur ko maganin gonar auduga inda yara ke kwana. Ba a tabbatar cizonsa na yaɗa cuta ba, amma wannan gubar tana kisa.