Shin In Yi Digirina Ta Intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne mai iyali, ina da difloma, kuma rashin digiri ya hana ni ƙarin girma a wurin aiki. Ba zan iya ajiye aikin in koma jami'a ba, shi ya sa nake tunanin yin digiri ta intanet, amma abokaina sun ce takardarsa ba ta da daraja. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Abokanka sun yi kuɗin goro ne, ɗan'uwa, domin karatu daga nesa ya daɗe kafin a san intanet. Tun 1858 Jami'ar Landan ta ba ɗalibai damar rubuta jarrabawarta ba tare da sun zauna a ajinta ba, a 1969 aka kafa Open University a Birtaniya domin irin wannan karatu, kuma Nelson Mandela yana tsare ya kammala digirinsa na shari'a a Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu a 1989. Darajar takarda tana ga jami'ar da ta ba da ita da hukumar da ta tantance jami'ar.

Saboda haka, kafin ka biya ko kwabo, ka nemi sunan jami'ar a jerin hukumar da ke kula da jami'o'i a ƙasar da take, ka kuma tabbatar cewa shi kansa kwas ɗin an amince a koyar da shi daga nesa, domin jami'a tana iya samun lasisi alhali wani kwas nata bai samu ba. Daga nan ka tambayi ma'aikatarku, a rubuce, ko za ta karɓi wannan digiri wajen ƙarin girma. Duk inda aka yi maka alkawarin digiri cikin watanni kaɗan, ko aka ce ƙwarewarka ta aiki ta wadatar ba sai ka yi jarrabawa ba, to takarda ake sayarwa. Haka nan shaidar kammala gajeren kwas a shafukan karatu na intanet irin su Coursera ko edX tana da amfaninta, amma ba digiri ba ce.

Ba ka faɗi fanninka ba. Aikin akanta, gudanar da kasuwanci da kimiyyar kwamfuta suna karantuwa daga nesa, amma likitanci da aikin jinya dole sai da asibiti da malamin da zai tsaya a kanka.

Abin da ya fi damuna game da kai shi ne lokaci, domin a nan ne mafi yawan masu irin halinka suke tuntuɓe. Intanet tana ɗauke maka zirga-zirga ne kawai, ba ta rage maka karatun. A tsarin Birtaniya, misali, digirin farko kiredit 360 ne, kowane kiredit kuma ana lissafa shi a kan awa goma na karatu, wato awa 3,600 ke nan. Ɗalibin Open University da ke haɗawa da aiki yakan buƙaci awa 16 zuwa 18 a mako, har tsawon shekara shida. Waɗannan awoyi daga barcinka za su fito, da hutun ƙarshen mako, da zaman da ka saba yi da 'ya'yanka, kuma ba lalle ba ne a samu malamin da zai lura ka yi fashi ya neme ka. Shi ya sa nake ganin wajibi ne ka zauna da iyalinka tun yanzu, domin tare za ku ɗauki wannan nauyi.

Shawarata ita ce ka gwada kanka tukuna. Ka ɗauki wani kwas na kyauta a fannin da kake so, ka ware masa awa 15 a mako har wata guda, kana rubuta awoyin da ka cika da gaske, kana kuma lura da ko intanet ɗinka da kwamfutarka za su iya ɗaukar lacca ta bidiyo. Idan ka riƙe wannan, ka nemi gurbi, ka kuma tambayi jami'ar ko za ta lissafa maka darussan diflomarka, domin wasu jami'o'in sukan yi hakan, kuma yana iya rage maka shekara guda ko fiye.