Sha'ir, alas da geron gidanmu a zakkar fidda kai

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da karatun Risala ya kai ka babin zakka. Ka tambaye ni dalilin da ya sa gidanmu yake fitar da zakkar kono da gero ko dawa alhali sha'ir hadisi ya ambata, har kana shirin nemo sha'ir a kanti bana, sannan ka tambayi mene ne alas ɗin da littafin ya ambata.

Mawallafin littafin, Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan ne a Tunisiya ta yau, ya rasu a shekarar 996 miladiyya, kuma a ƙasarsu alkama da sha'ir ne cimaka. Duk da haka ya jero gero da dawa da shinkafa, domin ƙa'idar Malikiyya ita ce a fitar da sa'i guda, wato mudun Annabi huɗu, daga abin da mutanen gari suka fi ci.

Alas kuwa tsohon irin alkama ne mai riƙe ƙaiƙayinsa, wanda sussuka ba ta isa ta fito da ƙwayarsa ba sai an surfa shi a turmi, kuma masu sharhi sun ce abincin mutanen San'a ne a Yaman. Irin wannan alkama mai ɓawo ce Misirawan zamanin Fir'auna suke yin gurasa da ita, har gobe kuma ana noma ta a tsaunukan Habasha. Sha'ir tsaransa ne, tun kusan shekara 10,000 ake shuka su a yankin Sham da Iraƙi, sai dai a yau mafi yawan sha'ir ɗin duniya dabbobi ne suke ci, har Saudiyya takan shigo da shi jirgi-jirgi saboda tumaki da raƙuma.

Mu a nan alkama sai da hunturu, a fadama, da ban ruwa, wanda a da da jigo ake yi, shi ya sa kakarka take adana 'yar kaɗan ɗin da aka samu don alkaki da funkasau na gara. Sha'ir kuwa ban taɓa ganinsa a rumbun mahaifinmu ba. Abin da na gani shi ne, daren jajibere yakan shimfiɗa tabarma, ya haɗa tafin hannuwansa biyu ya kamfaci gero sau huɗu a kan kowane mutum, yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya har jaririn da ke goye.

A ganina, talakan da ka miƙa wa sha'ir ranar Sallah sai ya fara neman mai saye kafin a ɗora tukunya. Tunda a birni kake, inda shinkafa ta fi yawa a kwanon mutane, ka auna shinkafa mai kyau, ka kai ta kafin a tafi Idi.