Mai hular da ke zaune a kujerar baya

Ɗana, daren jiya muna naɗe wayoyi ka yi mini tambaya, na ce ka bari sai na huta, don kunnena ya cika da ƙarar janareta. Cewa ka yi: "Oga, yaran nan biyu da ke zuwa ɗaukar waƙa, dogon ne ke rubuta baiti, shi ke fitar da kari, shi ke shiga ɗakin murya. Mai hular nan, in ban da amshi da kaɗa kai, ba abin da yake yi. Me ya sa ka sa na rubuta sunansa a takardar rabon haƙƙi? Kuma me zai hana a ba dogon shawara ya tsaya da ƙafarsa?" Tambaya biyu ka haɗa a baki ɗaya.

Ta farkon ba ta da tsawo. Ranar Talata, lokacin da idonka ke kan kwamfuta kana daidaita ganga, dogon ya rera amshin sau uku, kullum yana sauke muryarsa a ƙarshe. Mai hular, daga kujerar baya, ya yi gunguni ta hanci, ya ɗaga gaɓar ƙarshe sama maimakon ya sauke ta. Dogon ya juyo ya dube shi, bai ce uffan ba, ya mayar da hedifon ya rera yadda ya ji. Wannan ɗagawar ce kake ta yin fitonta tun shekaranjiya har a wurin alwala. Duk wanda ya sa hannu a kari yana da rabo a waƙa, ko da bai taɓa biro ba. Kai allo kake kallo, ni kuwa ɗakin nake kallo.

Ta biyun sai na ɗauko maka labarin wasu Turawa, ka san ni da tsofaffin kaset.

A 1975 aka kai wani yaro ɗan shekara 12 makarantar Bushey Meads, arewa da Landan kaɗan. Sunansa Georgios Kyriacos Panayiotou, mahaifinsa mutumin tsibirin Kubrus ne mai gidan abinci. Yaro ne mai ɗan jiki, mai tabarau, mai kunya kamar sabuwar amarya. Da aka nemi wanda zai kula da baƙon a aji, wani mai rawar kai da ake kira Andrew Ridgeley ya ɗaga hannu. Sunan baƙon ya yi wa baki nauyi, aka gutsure shi ya koma Yog. Wannan Yog ɗin shi ne shahararren mawaƙin da duniya ta sani daga baya da George Michael.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, a farkon tafiyar Andrew ne a gaba. Shi ne mai baki, shi ne mai kwalliya, shi ne ya dage cewa kiɗa za su yi, alhali mahaifin George bai ga abin kirki a harkar ba. Sun fara da wata ƙungiya mai suna The Executive a 1979, ta watse, suka rage su biyu, suka kafa Wham! a 1981. Gwajin farko a falon gidan iyayen Andrew suka ɗauke shi, da ƙaramar na'ura mai layi huɗu. Layi huɗu fa, kai da kake yi mini ƙorafi kwamfutarmu tana nauyi in ka ɗora mata arba'in.

A lokacin tare suke rubutu. Waƙar nan tasu mai busa, Careless Whisper, tun suna samari 'yan ƙasa da ashirin suka haɗa ta: Andrew ya zo da jerin kiɗan jita, George kuma karin busar ya faɗo masa a ka yana cikin bas. Amma ba a jima ba sai ya bayyana cewa hannun George ya fi gudu nesa ba kusa ba. Waƙa na fito masa kamar an buɗe famfo. Suka yi magana a tsakaninsu, Andrew ya yarda ya janye daga rubutu don abokinsa ya yi gudunsa ba mai riƙe masa riga.

Nan nake so ka tsaya. Shekaruna a sana'ar nan sun fi shekarunka a duniya, kuma na ga masu murya, na ga masu kari, na ga wanda zai rubuta baiti goma kafin shayi ya huce. Amma yaro ɗan shekara ashirin da zai dubi abokin da shi ya jawo cikin harka, ya ce masa ka fi ni, yi gaba, kuma ya ci gaba da tsayawa kusa da shi a dandamali yana murmushi na gaskiya, irin wannan ban ga da yawa ba. Yawanci sai mutum ya dage a saka baitinsa ko da ya ɓata waƙar, don kada a ce ba ya komai. Jaridun Ingila sun yi ta yi wa Andrew ba'a, suna ɗaukarsa ɗan rakiya. Da zuciyarsa ƙarama ce, da ba'ar nan kaɗai ta isa ta sa ya huce a kan George.

To me yake yi bayan ya ajiye biro? Wham! ana sayar da ita ne da siffar samari biyu masu jin daɗin rayuwa, marasa damuwa. Wannan siffar ta Andrew ce, haka yake tun asali. George aro ya yi, ya sa ta kamar riga har ta zauna masa. Mai kunya in zai hau dandamali yana bukatar ya waiga ya ga fuskar da ta san shi tun yana tabarau. Ba ka da maɓallin da za ka murɗa a mikisa, na'urar haɗa sauti, ya ba ka wannan.

Sai dai kada ka ɗauka ina cewa a riƙa raba haƙƙi saboda zumunci. Ga misalin da zai raba maka gardama. Wata rana Andrew ya bar wa iyayensa 'yar takarda cewa su tashe shi kafin su fita. Bisa kuskure ya maimaita wata kalma, da ya lura sai ya maimaita ta ƙarshe ma da gangan. George ya ga takardar, ya mayar da ita Wake Me Up Before You Go-Go, waƙarsu ta farko da ta hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila da Amurka a 1984. Je ka duba sunan marubuci: George ne kaɗai. Andrew ya ba da dalili, bai ba da kari ba. Ita kuwa mai busar, duk da cewa a Ingila da sunan George shi kaɗai aka fitar da ita a shekarar, a gurbin marubuta sunayen biyu ne, kuma haka suke har gobe, kuɗin rubutun na shiga wa kowa. Ka ga ma'aunin da na bi ranar Talata. Waƙar da mai hular ya taɓa karinta, sunansa ya shiga. Ta makon jiya da bai taɓa ba, ai ka ga ban sa shi ba, kuma bai nema ba. Haƙƙin rubutu daban, haƙƙin muryar da aka ɗauka daban, kuɗin wasa a taro daban. Kowanne a rubuta shi ranar da aka yi aikin, tun ana dariya, kafin kuɗi su shigo.

Su ma ɗin takarda ta taɓa cizonsu, amma daga waje. Kwantiraginsu na farko na 1982 sun sa masa hannu suna yara masu zumuɗi. Faifansu na farko ya hau lamba ɗaya a 1983 aljihunsu bai shaida ba, sai da aka kai ruwa rana kafin suka koma kamfanin faifai na Epic. Rigimar da kamfani suka yi ta, ba da juna ba. Mu nan gida ka san yadda ta kaya da ƙungiyar mawaƙa ta Plantashun Boiz bayan rabuwarsu a 2004, yadda batun wa ya rubuta me tsakanin 'yan ƙungiyar biyu, 2Face da Blackface, ya yi ta tashi shekara da shekaru a bainar jama'a.

Daga nan abin ya yi sauri. Afrilun 1985 suka yi wasa a Beijing da Guangzhou, lokacin da Sin ba ta saba buɗe ƙofa ga irin wannan kiɗan ba. Ran 28 ga Yunin 1986 suka yi wasan bankwana a filin Wembley gaban mutum 72,000, suna kan ganiyarsu. George yana son yin waƙar manya, rigar samartakar ta matse shi, Andrew kuma bai riƙe shi ba. Faifan George na 1987, Faith, ya ci lambar yabon waƙa ta Grammy. Andrew ya gwada tseren mota, ya fitar da faifai ɗaya a 1990 bai karɓu ba, ya koma yankin Cornwall na Ingila ya yi zamansa. A 1991 ya sake hawa dandamali tare da abokinsa a birnin Rio na Brazil. George ya rasu ran 25 ga Disambar 2016 yana da shekara 53, kuma a 2023 da aka shigar da sunansa zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll a Amurka, Andrew ne ya tsaya ya gabatar da shi.

Ka lura, rabuwar ta zo, amma su suka zaɓi ranarta. Ba wani mai situdiyo ba ne ya ja George gefe ya hura masa kunne.

Ni na taɓa yin wannan hurawar, shi ya sa tambayarka ta ɗan sosa ni. Shekarun baya wasu yara biyu suna zuwa wurina, ɗaya murya kamar sarewa, ɗayan ko amshi sai na gyara masa. Na ga kamar taimako nake yi, na ce wa mai muryar nauyi kake ɗauka. Ya ji maganata, bayan wata biyu ya dawo shi kaɗai. Muryar tana nan, ba abin da ya same ta. Amma ya shigo da kari uku na waƙa ɗaya ya kasa zaɓa. Mu ɗauki wannan, ya ce a goge, mu ɗauki wancan, ya ce a dawo da na farko. In ya gama baiti sai ya ɗaga kai ya dubi kujerar baya ta gilashi, ba kowa, sai ya dube ni. Ni kuwa kuɗin awa yake biyana, ya san ko me ya rera zan ce ya yi. Ashe wancan da na raina shi ne mai ce masa wannan bai yi ba, kuma ya yarda. Waƙar ba ta taɓa fita ba. Har yau tana cikin wani tsohon faifai a durowar nan ta ƙasa.

Ba na musun akwai ɗan rakiya na gaske, wanda ke bin mai baiwa don shinkafa da hoto. Gane shi ba wuya. Ɗan rakiya komai aka rera cewa yake ya yi daɗi, idonsa na kan waya, kuma shi ne na farkon tambayar yaushe za a biya. Abokin aiki kuwa za ka ji ya ce a'a, mai rerawar ya ɓata rai na minti biyu, sannan ya koma ya gyara. Ka ƙirga sau nawa mai hular ya ce a'a ranar Talata. Ni na ƙirga huɗu, uku daga ciki yana da gaskiya.

Gobe ƙarfe huɗu za su dawo ɗora muryoyi. Ka matsar da kujerar nan daga bayan sifika, ka ajiye ta inda dogon zai hango shi ta gilashi, ka ba shi hedifon na biyu, mai kyan, ba wanda kunne ɗaya ya mutu ba. In ya yi gunguni, ka tsayar da kiɗan ka saurara. Sannan ka biya ka sayo mai kafin su iso, galan ɗin babu komai.